Tauraruwa mai wutsiya da maganar guba: da gaske ne za ta zubo mana?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimi a cikinmu ku taimaka min. Tun daren jiya gwaggona ta turo min wani saƙon murya, wani mutum yana ta rantsuwa wai masana sun gano guba a jikin tauraruwa mai wutsiya, wai in ta gifta kusa da duniya gubar za ta sauko ta gauraya da iskar da muke shaƙa. Gwaggo ta tsorata sosai, har ta hana yara kwana a tsakar gida duk da wannan zafin. Ni ma sai na tuna abin da kakarmu take yawan faɗa: tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar nan, ko in kira ta in kwantar mata da hankali?

Malam Fiziks:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kira ta ki kwantar mata da hankali, yara su koma shan iskarsu. Mai saƙon ya ɗauko gaskiya guda ya naɗe ta cikin ƙarya. Eh, akwai wani sinadari mai guba, sayanayid, a jikin taurari masu wutsiya, masana sun san da haka fiye da shekara 100. Amma ba zai iso hancin kowa ba.

Sunan tauraruwa kawai muke ba ta, ba ta da wuta kuma ba ta da hasken kanta. Dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura da tsakuwa, yawanci faɗinta 'yan kilomitoci ne, tana kewaya rana ta wata doguwar hanya. In tana can nesa a daskare take, baƙa wuluk, ba mai ganinta. In ta matso kusa da rana sai zafi ya sa ƙanƙarar ta riƙa tashi kamar tururi tana kwasar ƙura. Hasken rana da iskar da ke fitowa daga rana su ke tura wannan tururin, shi ne wutsiyar da muke gani. Shi ya sa wutsiyar kullum tana can ɓangaren da ba rana. Idan tauraruwar ta juya za ta koma, wutsiyar ce ke shiga gaba.

Wannan tsoron kuma tsoho ne. A 1910 tauraruwar Halley ta dawo, masana a cibiyar hangen taurari ta Yerkes a Amurka suka raba haskenta launi-launi kamar bakan gizo, suka ga alamar iskar sayanojin, dangin sayanayid. Jaridu suka ruwaito wani masanin taurari ɗan Faransa, Camille Flammarion, yana cewa iskar na iya cika sararin duniya ta hallaka masu rai. Mutane suka riƙa toshe kafofin ƙofa da taga, 'yan damfara suka yi ciniki da ƙwayoyin da suka ce rigakafi ne. Ranar 19 ga Mayu 1910 duniya ta ratsa ta cikin wutsiyar kanta. Ko kaza ba ta mutu ba.

Maman Ummi:
Ikon Allah. Malam, duniya ta shiga cikin wutsiyar amma ba abin da ya faru? To ina gubar ta tafi?

Malam Fiziks:
Tsawon wutsiyar kan kai miliyoyin kilomita, amma abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Ki ɗauki hayaƙin turaren wuta na kasko ɗaya, ki ce za ki baza shi daga Sakkwato zuwa Maiduguri. Ko wannan ya fi wutsiyar kauri nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa kallonta da kyau zai shaida ana hango sauran taurari ta cikinta tar. Ga kuma hasken rana da ke farfasa sinadaran tun suna can sama, ga iskar duniya mai kauri da ta lulluɓe mu.

Baba Manomi:
Na gan ta da idona a watan Oktoba na 2024, bayan sallar magariba, ta yamma, daga bakin gonata. Kwana da yawa tana fitowa, wutsiyar ta miƙe sama kamar an ja farin zare. Na kira jikokina na nuna musu. A zamaninmu da an ce yunwa ce ke tafe ko wani babban sarki zai faɗi. Ni dai a shekarar na samu gero daidai gwargwado, alhamdu lillahi.

Malam Fiziks:
Ranka ya daɗe Baba, wadda ka gani sunanta Tsuchinshan-ATLAS. Kusancin da ta fi yi da mu ya kai kilomita miliyan 70 ko sama da haka, ranar 12 ga Oktoba. Ka yi sa'ar ido, domin mutanen cikin birni da yawa hasken lantarki da ƙura sun hana su.

Ustazu:
Jama'a, kafin a yi nisa. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi da kansa ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. In haka ne ga rana da wata, ina ga dunƙulen ƙanƙara? Karin maganar kakanninmu a bar ta a matsayin karin magana, kada a mai da ita aƙida. Sannan mu ji tsoron Allah kan tura saƙon da ba mu tantance ba. Suratul Hujurati aya ta 6 ta umarce mu da bincike. Tsohuwa ta kwana cikin fargaba saboda wani ya ga dama ya yi rantsuwa a waya.

Malam Fiziks:
Allah ya saka da alheri Ustaz. Abin da ke ƙara nuna cewa tafiyarta a kan tsari take: Edmond Halley ɗan Ingila ya yi lissafi a 1705 ya ce wadda aka gani a 1531 da 1607 da 1682 guda ce, kuma za ta dawo wajen 1758. Ya rasu a 1742 bai gani ba, ita kuwa ta dawo kamar yadda ya lissafa. Duk bayan kimanin shekara 75 zuwa 76 take zagayowa. Ta zo a 1986, za ta sake zuwa a 2061 in Allah ya kai masu rai.

Anti Nas:
Malam ya gama da sama, bari ni in sauko ƙasa, don abin da ya dame ni ke nan tun da na fara karanta zaren nan. Gubar da gwaggo ke tsoro daga sama, tana nan cikin madafinmu. Rogo mai ɗaci.

Wata shekara ina aikin dare aka kawo mana yara uku 'yan gida ɗaya a bayan a-kori-kura. Uwar ta samu rogo da araha, ta fere sama-sama ta dafa, ba ta jiƙa ba, yara suka ci da ƙuli suka kwanta. Cikin dare amai, jiri, ciwon kai, ƙaramin yana numfashi sama-sama idonsa ya kafe. Biyu sun tashi, ƙaramin bai kai asuba ba. Har yau ina ganin uwar zaune a ƙasan baranda ta rungume ɗan takalminsa.

Ga yadda abin yake. Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu 'yan ɗakuna da ake kira maitokondiriya, su ne murhun ƙwayar. A nan ake haɗa abincin da muka ci da iskar oksijin da muka shaƙa a fitar da ƙarfi. Aikin yana tafiya ne hannu zuwa hannu, kamar masu miƙa bulo a wurin gini, kuma na ƙarshe a layin wani sinadari ne mai ɗauke da ƙarfe, shi ke miƙa kayan ga oksijin. Sayanayid wannan ƙarfen yake kamawa ya riƙe gam. Da zarar na ƙarshe ya tsaya, duk layin ya tsaya. Huhu na jan iska, jini na ɗauke da ita har ƙofar ƙwayar, amma ƙwayar ba ta iya amfani da ita. Mutum na shaƙewa alhali jininsa cike yake da iska, har jinin da ke komawa zuciya kan kasance ja jawur domin ba a sauke kayan da ya ɗauko ba. Ƙwaƙwalwa da zuciya su suka fi kowa cin wuta, su ke fara faɗuwa.

Maman Ummi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba uwar nan haƙuri. Anti, mu da muke cin garin kwaki da tuwon alabo kullum fa?

Anti Nas:
Kada ki daina ci ƙanwata, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kuma miliyoyi na ci lafiya lau. Sirrin yana wurin sarrafawa. Rogon ba ya ajiye gubar a sake. Yana da wani sinadari, linamarin, a gefe guda, da abin da ke kunce shi a wani gefen. Sai an gurza ko an tauna ko an jiƙa su ke haɗuwa, gubar ta fito ta bi iska. Masu garin kwaki suna gurzawa, su matse a buhu kwanaki ya yi tsami, su soya. Masu alabo na kirki suna ferewa, su jiƙa kwana 3 zuwa 5, su shanya ya bushe ƙayau. Duk wannan wahalar korar guba ce. Matsala na zuwa ne in an yi gaggawa, musamman lokacin fari da yunwa, ga shi kuma fari na ƙara wa rogon ɗaci. Ɓawon ya fi tsokar guba. In kin ɗanɗana rogo kin ji ɗaci a harshe, ba na dafawa a ci nan take ba ne.

Kuma Allah ya sa wa hanta hanyar kashe kaɗan daga cikinta, tana haɗa ta da sinadarin salfa ta fita ta fitsari. Salfar kuwa daga abinci mai gina jiki take zuwa, wake, ƙwai, kifi, nama. Shi ya sa talakan da ba shi da komai sai rogo safe da dare ya fi shiga haɗari. A Kwango tun 1938 likitoci suka bayyana wata cuta, konzo, wadda ke sanƙarar da ƙafafu farat ɗaya kuma ba ta warkewa. A 1981 lokacin fari ta kama sama da mutum 1,000 a lardin Nampula na Mozambik, akasari mata da yara. A nan gida ma Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi dogon bincike kan ciwon jijiya da ke da alaƙa da yawan cin rogo a ƙasar Yarabawa.

In kun ga alamun nan bayan cin rogo, asibiti kai tsaye. Kada a tsaya ɗura wa yaro manja ko madara.

Baba Manomi:
'Yata, kin tuna min da gyauro. Tun muna yara iyayenmu ke hana mu barin dabba ta shiga gonar da dawa ta sake tohowa bayan girbi, ko ƙaramar dawa da rana ta ƙona. Na taɓa rasa tumaki biyu a yini ɗaya haka. Sun ci da hantsi, kafin azahar suna haki suna karkarwa, suka faɗi. Ko shi ma wannan gubar ce?

Anti Nas:
Ita ce Baba, sak. Danyen tohon dawa yana da nasa sinadarin, durin, wanda ke sakin sayanayid a tumbin dabba. In dawar ta girma ko karan ya bushe sosai sai ya ragu. Iyayenku ba su san sunan ba, amma sun san dokar.

Ɗalibar Kemistiri:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina ta karantawa shiru, amma akwai abin da in ban faɗa ba ba zan iya barci ba, don shi ya sa na ƙaunaci karatun nan.

Ƙarfin da Anti ta ce murhun ƙwaya na samarwa, ana ƙulla shi ne cikin wani sinadari da ake taƙaita sunansa da ATP. Shi ne kuɗin kashewa na jiki, ko ƙifta ido sai an biya da shi. A yini guda jikin babban mutum na ƙerawa ya kashe kimanin nauyin jikinsa na ATP, yana ta juya shi. Harafin A ɗin nan na farko daga adenin ya samo asali, wanda kuma ɗaya ne daga haruffa 4 da aka rubuta DNA da su, wato kundin gadon halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki.

To a 1961 wani masani ɗan Sifen da ke aiki a Houston, Joan Oró, ya zuba sayanayid da amoniya cikin ruwa ya ɗumama. Da ya duba abin da ya fito, sai ga adenin. In ka ƙirga ƙwayoyin zarrar da ke cikin adenin, kabon 5 ne, haidurojin 5, naitirojin 5. Wato daidai sayanayid guda 5 a haɗe. Gubar da ke hana ƙwaya ƙera ATP, da irin kayanta aka gina kan ATP ɗin. Ranar da malaminmu ya rubuta wannan a allo na daɗe ina kallo, tsigar jikina na tashi.

Shi ya sa masana ke bin taurarin nan. Ƙanƙararsu ta kai shekara biliyan 4 da rabi a daskare, tun lokacin da ake haɗa duniyoyi, kamar tukunyar da aka rufe ba a taɓa buɗewa ba. Oró ɗin nan a shekarar ya kawo ra'ayin cewa wataƙila su suka yi wa duniya dakon irin waɗannan sinadarai tun tana sabuwa.

Ustazu:
'Yata, a yi hattara da harshe a nan. Kada wani ya karanta ya fita yana cewa rai daga tauraruwa ya zo.

Ɗalibar Kemistiri:
Gaskiya ne Malam, na gode da gyara. Ba wanda ya samu rai a jikin tauraruwa mai wutsiya, ko ƙwayar cuta guda. Abin da aka samu kayan gini ne. Samun bulo a fili ba shi ne samun gida ba. Kuma ko batun ruwa, da ake cewa ƙila su suka kawo ruwan teku, da aka auna na tauraruwa 67P sai aka ga nau'in haidurojin mai nauyi da ke cikinsa ya ninka na tekunmu kusan sau 3, alhali na wata mai suna Hartley 2 ya yi daidai da namu. Masanan kansu suna ta muhawara a kai.

Malam Fiziks:
Tunda ta ambaci 67P, bari in ba da labarin, don aikin ya cancanci a ji shi. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba kumbo mai suna Rosetta a watan Maris 2004. Shekara 10 yana tafiya kafin ya cim ma tauraruwar a Agusta 2014. Faɗinta kamar kilomita 4 ne, siffarta kamar agwagwa, kai da gangar jiki da siririn wuya. Ranar 12 ga Nuwamba 2014 ya saki wata 'yar na'ura, Philae, girmanta kamar injin wanki. Ƙugiyoyin da za su kafe ta ba su harba ba, ta yi tsalle ta sake tsalle, ta je ta maƙale a inuwar wani dutse inda rana ba ta isa ta caja batirinta. Duk da haka ta yi aiki kusan kwana 3 ta aiko da sakamako.

Shi kuwa Rosetta shekara 2 ya yi yana zagaye yana shinshina tururin da wata na'ura da Jami'ar Bern ta Suwizalan ta jagoranta. Ya samu iskar da ke ba ruɓaɓɓen ƙwai warinsa, da amoniya mai warin fitsarin turke, da sayanayid. A 2016 kuma aka sanar da samun gilaisin, ɗaya daga tubalan da ake gina furotin da su, tare da fosforas wanda shi ne P ɗin da ke ƙarshen ATP. Kafin nan kumbon Stardust na Amurka ya ɗebo ƙurar tauraruwar Wild 2 ya dawo da ita duniya a 2006, a ciki ma an ga gilaisin.

Ɗan Anka:
Malam, da girmamawa, ni raina ne ke ɓaci in na ji irin wannan. An kashe Yuro biliyan 1 da miliyan 400 don a shinshina dutse a sama. Mu nan a 2010 yara sama da 400 muka binne saboda gubar dalma. Dareta, Yargalma, Abare, Bagega, ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Maza na kawo dutsen zinariya gida, ana daka shi a turmi ana niƙa shi a injin, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Ɗan yayata yana da shekara 2 ya fara jijjiga, aka ce iska ce, aka ce shawara ce, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Ya rayu, amma yau ya zama saurayi ba ya iya karanta sunansa. Wace tauraruwa ce ta amfane shi? Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka shigo suka lura ƙananan kaburbura sun yi yawa kafin duniya ta waiwaye mu. Bagega kuwa sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta.

Anti Nas:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ɗanku lafiya, Yaya. Abin da ya same shi ba iska ba ce. Dalma ba ta kashe murhu nan take irin na sayanayid, ita shigar burtu take yi. Jiki na ɗaukarta a matsayin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi kuma jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi. Sai ta zauna a kujerarsa ta ƙi yin aikinsa. Tana kuma toshe hanyar ƙera jan jini, yaro ya yi fari fat. Hanjin yaro ya fi na babba tsotse ta sau da yawa, balle in yana fama da ƙarancin abinci, kuma ƙwaƙwalwarsa lokacin take saƙa hanyoyinta. In ta yi yawa ƙwaƙwalwar ta kumbura, shi ne jijjigar. A Zamfara dalmar da ke jinin yara da yawa ta zarce abin da na'urar gwajin jini ta hannu take iya karantawa. Maganin da ake ba su yana kama dalmar ya fitar ta fitsari, amma ba ya maido da abin da ya riga ya lalace, kuma in yaro ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba aikin banza ne. A 2015 ma an sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Malam Fiziks:
Ɗan'uwa, ba ni da bakin da zan ce ɓacin ranka ba ya kan hanya. Abu biyu kawai zan ce. Kuɗin Rosetta na ƙasashen Turai ne, daga harajin mutanensu, cikin kusan shekara 20. Ba shi ya hana a kwashe ƙasar Bagega da wuri ba, jinkirin sakin kuɗi a nan gida ne ya jawo. Na biyu, 'yar na'urar da ma'aikata suka riƙa ɗorawa a ƙasar tsakar gidajenku tana faɗin yawan dalma nan take, da wace dabara take aiki? Kowane sinadari yana da tambarinsa a cikin haske. Dabarar da aka gane sayanojin da ita a wutsiyar Halley ke nan, ita ce aka gane dalma da ita a Dareta, sai dai wannan da hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti, take aiki. Ilimin guda ne.

Ɗan Anka:
Na ji ta farko, kuma gaskiya ce mai ɗaci. Ta biyu ban gamsu duka ba Malam. Ilimin guda ne, amma ya isa sama kafin ya iso ƙauyenmu. Ni burina a ce ɗalibai irin ƙanwarmu ta Kemistiri, in sun gama, a samu ɗakin gwaji a Gusau da uwa za ta kai ɗanta a auna jininsa ba sai Turawa sun zo ba. Har gobe ana haƙar zinariya, har gobe yara na wasa a wurin.

Ɗalibar Kemistiri:
In sha Allahu Yaya. Maganarka ta shige ni. Aikin kammala karatuna nake neman abin da zan yi a kai, kuma ina ganin na samu. Zan fara da kwalli, domin wanda ake yi da dutsen nan mai ƙyalli ainihinsa ma'adinin dalma ne, kuma shi ake ranbaɗa wa jarirai ranar suna.

Na Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari, daga nan Nijar nake bin ku. Tunda ana lissafa gubar gida, kada a manta da ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake da masara don kashe ƙwari. In ta sha danshi tana sakin iskar fosfin, kuma na ji likitoci na cewa ita ma murhun ƙwayar nan take kashewa. Mutane na jibge buhunan a ɗakin da suke kwana, su rufe ƙofa. Ga masu yayyafa fiya-fiya kai tsaye a kan wake. Mu nan manoma da yawa sun koma buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki, buhu a waje, wanda masu binciken noma na nan Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da Jami'ar Purdue ta Amurka. In ka ɗaure kowace leda tam, ƙwarin su shanye 'yar iskar da ke ciki su mutu da kansu, ba ko ɗigon magani. Wakena na bara wata 8 ya yi, na buɗe shi kamar ranar da na zuba.

Anti Nas:
Haka ne ɗan'uwa, kuma fosfin ba ta da makari, sai dai a tallafa wa numfashi da zuciya a yi ta addu'a. Buhun da aka sa wa ƙwayar nan ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum, ko ɗakin da ke jikin na kwana. Fiya-fiya kuma hanyarta daban, tana hana jijiya sakin tsoka ne, sai yawu da gumi su yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da ruwa. Wannan tana da magani in an kawo mutum da wuri, a taho da kwalbar.

Baba Manomi:
Malam Fiziks, tambaya ta ƙarshe daga tsoho. Ni ba zan ga 2061 ba. Akwai abin da ya rage na Halley da zan nuna wa jikoki?

Malam Fiziks:
Allah ya ƙara wa rayuwa albarka Baba. Akwai. Duk inda ta bi tana barin ƙura a hanya, kuma duniya na ratsa wannan ƙurar sau 2 a shekara, farkon watan Mayu da wajen 21 ga Oktoba. Ka tashe su kafin asuba, ku fita bayan gari inda ba fitila, ku shimfiɗa tabarma ku kalli sama. Za ku ga 'yan haske na gilmawa jefi-jefi. Kowane ɗaya ɗan tsakuwa ne da yawanci bai wuce ƙwayar gero ba, yana ƙonewa kimanin kilomita 100 a samanmu. In dare ne marar farin wata ya fi kyau.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Yanzu muka gama waya da gwaggo, na karanta mata bayanin Malam da hadisin da Ustaz ya kawo, ta ce yau yara a waje za su kwana. Amma da na zo kan maganar Na Maraɗi sai ta yi shiru. Ashe buhu 4 na wake ne a ƙuryar ɗakinta, an sa musu ƙwayar tun makon jiya, kuma kwana biyu ke nan tana tashi da ciwon kai da tashin zuciya. Na sa ƙanena ya tafi da baro yanzu ya fitar da su zuwa rumbu, ya buɗe tagogi, in ya gama ya wuce da ita asibiti a duba ta. Anti Nas, zan kira ki in sun isa.